Katin Asibitin Maradun

Shafi na 19

Salama gare ku, mutanen kwando. Masu cika mini waya da saƙo tun jiya cewa kada in bari a hana Sambo wasa, ku yi haƙuri, ba ni ne kwamiti ba. Mu koma fili.

*

"Hagu, Yasir! Hagu na ce! Hannun dama yau mun ba shi hutu."

Koci Ɗanasabe ya busa usur, yara suka koma layi. Filin nasu simintin shanyar shinkafa ne a bayan kasuwar Mafara. Masu shi sun yarda a yi wasa daga fitowa masallacin asuba zuwa hantsi, da sharaɗin a share shi tas kafin a kawo buhuna. Kwandon ma wani mai walda ne ya lanƙwasa musu da rodi, suka kafe shi jikin allon katako.

Yasir ya sake tasowa da ƙwallo, ya yi taku biyu, ya ɗaga da hagu. Ta daki allo ta faɗo waje.

"Koci, wallahi hannun ga ba nawa ba ne."

"To na wa ne? Na maƙwabcinku? Koma layi."

Yara suka kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Sambo yana can gefe a kan tulin buhunan da babu komai ciki, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, yana tsinkar zaren takalminsa.

"Sambo."

"Na'am, Koci."

"Daga gasa kwamiti sunka dakatar da kai. Ban ji sun ce kada ka yi gumi ba. Tashi."

Ya tashi a hankali, kamar wanda ake cirewa daga laka.

Jiya da yamma takardar ta iso. Koci Nagode na Bakura ne ya kai ƙara, ya ce wannan tsawon ba na ɗan shekara sha huɗu ba ne, gasar kuwa ta 'yan ƙasa da sha biyar ce. Da kwamiti suka zaro takardun rajista, sai ga katin rigakafi na asibitin Maradun da Sambo ya kawo. Suna, Khalifa Sulaiman. Shekarar haihuwa, dubu biyu da takwas. Sha bakwai ke nan.

Jibi Asabar ne wasan ƙarshe tsakanin Mafara da Bakura. A ranar ne kuma masu zaɓe za su zo daga Gusau su ɗebi yara biyar da za su shiga ƙungiyar jiha. Duk wanda bai taka fili ranar ba, babu mai ganinsa.

"Biyar da biyar," in ji Koci. "Sambo, tsakiya."

Minti biyu ba a yi ba jikinsa ya saki. Aka jefa ƙwallo ta daki bakin rodi ta dawo, ya miƙa hannu ya cafe ta sama da kawunan kowa. Kwando na gabansa, babu mai tare shi. Bai jefa ba. Ya waiga ya hango Yasir ya kutso ta hagu, ya miƙa masa ita ta ƙasa. Yasir ya ɗaga da hagun nan da yake kuka da shi, ta zagaya bakin rodi sau biyu ta faɗa.

Yasir ya ruga yana ihu, yana bugun ƙirji.

Usur.

"Mi ka manta?"

Yasir ya tsaya. Ya juyo ya nuna Sambo da yatsa.

"Yauwa. Wanda ya ci, shi nuna wanda ya ba shi. In ka sake mantawa, kai kaɗai za ka share filin ga."

Da rana ta ɗaga, amalanken farko na shinkafa ya ɓullo ta kwana. Yara suka ɗauki tsintsiya. Koci ya ja Sambo gefe, wajen da ya kafe babur ɗinsa.

"Hwaɗa min gaskiya. Katin ga, ina ka samo shi?"

"Cikin kwallar kayan Inna."

"Ita ta ba ka?"

Sambo ya sunkuyar da kai.

"Magana nike maka."

"Ta tahi kai nono. Kai kuma ka ce wanda bai kawo takarda ranar ba, babu shi."

"Sunan hwa? Na tambaye ka, na ce Khalifa sunanka na yanka ne?"

"Na ce ban sani ba, wataƙila na asibiti ne. Ka ce to."

Koci ya shafa ƙeya. Haka aka yi. Ya tuna ranar sarai. Takardu goma sha biyu ya cika a kan sirdin babur, ana masa ihun za a rufe rajista. Hatimin asibiti kawai ya duba ya ga yana nan, bai ko kalli layin shekara ba. Sakataren kwamiti ma bai kalla ba.

"Koci, ni kaɗai ne namiji ɗakin Inna. Sauran biyu mata ne, ƙannena. Ga kuma sunan babanmu jiki. In ba nawa ba ne, na wa ne?"

"Shekarunka nawa?"

"Sha huɗu."

"Wa ya gaya maka?"

"Bappa."

Koci ya zaro waya ya kira Malama Amatullah, tsohuwar malamar motsa jiki da ke shugabancin kwamitin. Sai da suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, ta tambayi mahaifiyarsa, sannan ya shiga magana.

"Malama, yaron ga wallahi yaro ne. Tsawo ne kawai Allah ya ba shi."

"Ɗanasabe, ni ma na gan shi. Muryarsa ko buɗewa ba ta gama ba. Amma takarda ke gabana, kuma kai ka kawo ta da hannunka."

"Na sani. Kuskurena ne."

"To ka ji. Gobe in an sauko Juma'a za mu zauna. Ko ka kawo wata takarda ta gaskiya, ko uwa ko uba su zo su dafa Alƙur'ani su yi mana bayanin katin. In babu ɗaya, Asabar yana benci."

"Mahaifinsa ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To, sai mahaifiyar ta zo."

Yana kashe wayar saƙon murya ya shigo. Nagode ne. Tare suka koyi ƙwallon kwando suna samari, tare suka sha dukan rana, kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba. Koci ya danna.

"Ɗanasabe! Ina gajiya? Na ji an kama ka da magidanci cikin 'yan yara. In yara sunka ƙare maka, ka zo Bakura in ara maka biyu. Ka gaida min da shi, ka ce ina gaida iyali."

Sambo ya ji. Idonsa ya kaɗa.

"Rabu da shi," in ji Koci. "Bakinsa ya fi ƙungiyarsa ƙarfi. Bar kekenka nan, hau mu tahi Garbadu."

*

Hanyar ta ci ruwa, duk ramuka. Ƙafafun Sambo sun yi wa babur yawa, sai ɗage su yake yi duk inda suka zo kwatami. Hagu da dama ana yankan shinkafa.

Gidan yana bakin gari, zagaye da zana, da garke a baya. Shekara bakwai ke nan da suka taso daga wajen Janbako suka zauna nan. Bappa, yayan mahaifin Sambo, yana gindin bishiyar bedi yana tufka igiya. Ya ɗaga kai ya dubi babur, ya dubi yaron.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Maraba da Koci. Kawo tabarma, kai."

"Bappa, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya iyali?"

"Lahiya."

"Ya dabbobi?"

"Sun gode Allah. Ya mutanen Mafara?"

"Suna gaishe ku."

"Muna amsawa. Ya ruwa wajenku?"

"Ya yi gyara."

"Madalla. Ya ɗawainiya da yaran mutane?"

"Ita ta kawo ni, Bappa."

Aka kawo fura a ƙwarya. Sai da Koci ya sha, ya yi hamdala, sannan ya kwashe labari ya faɗa. Bappa bai daina tufka ba.

"To, in shekaru ake so, ai mai sauƙi ne," in ji shi. "Ran sunansa ubansa ya ba shi karsana. Tana nan bayan gida, ta tsufa, haihuwarta takwas. Ka lissafa."

Koci ya yi dariya duk da abin da ke ransa.

"Bappa, ba ni iya ɗora saniya bisa babur in kai wa Malama Amatullah."

"To azumi. Wanda munka yi bana shi ne na sha huɗu da haihuwarsa. A ruga anka haife shi, ana saura kwana tara a ɗauki azumi. Ni na yi mishi huɗuba."

"A ruga? Ba asibiti ba?"

"Wane asibiti? Tsohuwarmu ta yanke cibiya."

"To wanga hwa?"

Koci ya buɗe waya ya nuna masa hoton katin. Bappa ya karɓa, ya nesanta ta da idonsa, ya matso da ita. Bai iya boko ba, amma ya gane launin katin da yagewar da ke gefensa. Hannunsa ya tsaya.

"Ina kunka samu wanga?"

"Ni na ɗauko, Bappa," in ji Sambo. "Cikin kwalla."

Bappa ya dube shi ya daɗe.

"Tahi ka ba maruƙa ruwa."

"Na ba su da sahe."

"Ka ƙara musu."

Sambo ya miƙe ya zagaya bayan zana.

Koci bai lura da yadda fuskar tsohon ta canza ba. Hankalinsa na kan gobe.

"Bappa, in ba damuwa, a yi min magana da Inna. Ita kwamiti ke son ji."

Bappa ya buɗe baki kamar zai hana, sai kuma ya fasa. Ya ɗaga murya.

"Taibatu! Baƙo na gaisuwa."

Ta fito da lulluɓi, doguwa siririya, kana ganinta ka san inda Sambo ya ɗauko tsawo. Ta durƙusa nesa da tabarma, ta ba su gefe. Suka gaisa, ta yi masa godiyar takalmin da ya nemo wa yaron, ta ce kullum sai ya wanke shi ya kwana da shi a gefen kai.

"Inna, tambaya ɗaya ta kawo ni," in ji Koci. "Wanga kati na Khalifa. Wace shekara anka haifi Khalifa?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya ɗauka ba ta ji ba.

"Khalifa nike cewa, Inna. Khalifa Sulaiman. Ɗanki ne?"

Ta ja lulluɓi ta rufe rabin fuska. Ta dubi ƙasa, ta dubi zana. Sai ta miƙe ta koma ciki.

Koci ya bi ta da kallo, baki buɗe.

"Bappa, na yi wani laihi?"

"Ka yi. Amma ba da sani ba."

"Wallahi ban..."

"Kai ɗan Mafara, a gidanku uwa na kama sunan ɗan hwari?"

Koci ya girgiza kai.

"Innata har yau ba ta hwaɗin sunan yayanmu. Wancan yaron take cewa."

"To, naku wasa ne bisa ga namu. Kai ka zauna gabanta, gaban yayan mijinta, kana kwaɗa mata sunan har sau uku, kana tambayarta ko ɗanta ne."

"Amma ai Sambo..."

"Sambo ba shi ne na hwari ba."

Wani ɗan maraƙi ya yi kuka a bayan gida. Koci ya ajiye ludayin da ke hannunsa.

"Shi yana tsammanin shi ne babba."

"Haka munka bar shi ya tsammata."

"Allahu akbar. Rasuwa ya yi? Wancan ɗin?"

Bappa ya ɗauki igiyarsa, ya duba ta, ya sake ajiyewa.

"Koci, kana shigo da ni inda ban yi niyyar shiga ba."

"Ka gafarce ni. Ni ba tonon asirin gida ya kawo ni ba. Yaron ga shekara biyu yana taka keke daga nan zuwa Mafara, ruwa da sanyi. Ran da ya fara zuwa ko riƙe ƙwallo bai iya ba, hannu biyu yake sa mata awa mai ɗaukar ƙwarya. Yau babu kamarsa a ƙananan hukumomin ga uku. In ya buga Asabar, da yardar Allah da shi za a tahi Gusau, kuma waɗanda anka ɗauka har makaranta ake sa su. In bai buga ba, baɗi ya wuce shekaru. Kuma ni na jawo mishi, don ni ne ban duba takarda ba."

Bappa ya numfasa.

"Ni ban san daɗin wagga ƙwallo taku ba. Mutum shi yi ta jifar kwandon da ba shi da gindi. Amma na ga yaron ya natsu. Da can ba ya jin kira, yanzu ko akuya ya kora sai ya waigo ya nuna wanda ya taya shi."

Koci ya murmusa.

"To ka taimake shi, Bappa."

Tsohon ya rage murya.

"Da ransa."

"Na'am?"

"Na hwarin. Da ransa. Shi anka haifa asibitin Maradun, don haihuwar ta zo da gardama. Muna da ƙanwa, Hidaya. Shekara goma sha ɗaya da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Ran da anka yaye yaron, ɗan'uwana Sulaiman ya ɗauke shi ya sa mata a cinya. Ya ce naki ne duniya da lahira, babu mai zuwa ya ce miki nasa ne. Ya sa ni na yi shaida. Taibatu tana da cikin Sambo lokacin, bai ko motsa ba."

"Ita ta yarda?"

"Ɗan hwari ne. Ko tana so, da wane baki za ta ce? Kati kaɗai ta riƙe. Ni ban ma san ta riƙe shi ba sai yau."

Koci ya ji wani sanyi ya sauko masa. Ya gyara zama.

"To ai alhamdu lillahi, magana ta zo da sauƙi. Gobe sai ta je ta ce katin na yayansa ne, kuskure anka yi. Ba sai ta kama suna ba, ni zan karanta, ita ta ce e. Malama Amatullah mace ce mai hankali, za ta fitar da maza waje in an roƙe ta."

"Ba ka tambaye ni inda Hidaya ke aure ba."

"Ina?"

"Bakura."

Koci ya ɗago kai, Bappa ya ci gaba.

"Mijinta Malam Buba mai awon hatsi. Da sunansa anka sa yaron makaranta. Kuma jinin gidan ga ba ya ɓoyo, duk inda munka tsaya sai mun fi kowa tsawo. An ce min shi ma wagga ƙwallo yake yi. An ce shi ke gaba cikin yaran abokin naka mai baki."

Koci ya rufe ido. Kyaftin ɗin Bakura. Mai riga lamba bakwai, wanda 'yan kallo ke kira Ɗan Buba, wanda shi kaɗai ya ci Maradun maki ashirin da biyu makon jiya. Ya sha tsayawa yana kallon yadda yaron ke karkata kai kafin ya yi jifa, yana cewa a ransa ya san wannan tsayuwar a wani wuri.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. "Shekara sha huɗu anka rubuta mishi."

"Ni ban san abin da anka rubuta ba. Na san abin da Allah ya rubuta."

"Nagode ya sani?"

"Wa zai gaya mishi? Hidaya ba ta da kati. Ina jin da anka nemi takarda, wani ya yi musu ta kotu ya cika abin da ya ga dama."

Zana ta motsa. Taibatu ce ta dawo, ta tsaya daga ciki, inuwarta kawai ake gani ta tsakanin karare. Ba da Koci ta yi magana ba.

"Yaya, ka tambayar min baƙo."

"Yana jin ki."

"In na je na dafa Littafi na ce katin ba na Sambo ba ne, za su tambayi mai shi?"

Koci ya juya wajen zanar.

"Za su tambaya, Inna."

"In na ce ban sani ba?"

"Hannunki na bisa Alƙur'ani."



"In sun gane shi, mi za su yi wa wancan yaron?"

Koci ya so ya sassauta. Ya nemi yadda zai lanƙwasa maganar, bai samu ba. Dokar da ya kafa wa yaransa ita ce in ka taɓa ƙwallo ta fita, ka ɗaga hannu kafin alƙali ya gani.

"Za su cire shi ranar Asabar. Kuma doka ta ce shekara biyu ba ya buga kowace gasa. Mutanen Gusau sun riga sun rubuta sunansa tun wasan Maradun. Za su goge."

"In ban je ba?"

"Sambo ne za a yi wa haka."

"Shekara biyun?"

"Har da ita."

Inuwar dai tana nan, ba ta motsa ba.

Bappa ya ce, "Ka gani ko, Koci? Ka zo da tambaya ɗaya."

"Ni zan je in ce laihina ne," in ji Koci. "Su kore ni daga gasar gaba ɗaya, su bar yaro."

"Za su yarda?"

Koci ya kawar da kai. Ya san Malama Amatullah. Za ta karɓi laifinsa, ta kuma ce ina takarda.

Ƙarar bokiti ce ta sa suka waiga. Sambo yana tsaye a kusurwar zana, ruwa ya jiƙa masa ƙafar wando. Ba wanda ya san tun yaushe yake wurin.

"Na ce ka ba maruƙa ruwa," in ji Bappa.

"Sun ƙoshi."

Ya tako ya zo ya durƙusa gaban tabarma.

"Bappa, lamba bakwai?"

Bappa ya dubi Koci. Koci ya dubi ƙasa.

"Ran da munka buga da su zagayen hwarko, ya ture ni na hwaɗi," in ji Sambo. "Ya dawo ya miƙo min hannu ya tashe ni. Ya ce, dogo, kana da kyau, amma ka riƙa ware ƙahwa. Na ce wa Yasir wanga ɗan Goggo Hidaya ne, ɗan'uwana ne na nesa. Yasir ya ce ƙarya nike, don na ga ya iya."

"Sambo," in ji Koci.

"Kullum in na yi jifa, yadda yake yi nike kwaikwayo."

Ya juya wajen zana.

"Inna."

Ya sake kiranta.

"Inna, ba sai kin je ba. Ba ni son ki tsaya gaban mutane a sa ki hwaɗin abin da ba ki iya hwaɗi. Ni na buɗe kwalla ba ki sani ba. Ki yahe min."

Aka ji ta ja numfashi.

"Ka haƙura ke nan?" in ji Bappa.

"A'a."

Ya miƙe. Sai da Koci ya ɗaga kai sosai kafin ya ga fuskarsa.

"Ban haƙura ba. Ina son in buga. Wallahi ina so. Amma ba Inna za ta zaɓa ba, ba kuma kwamiti ba. Koci, tada babur."

"Mu tahi ina?"

"Bakura."

"Mu yi mi a Bakura?"

"Katinsa ne. Shi zan kai wa magana. Shi ne babba. In ya ce in zauna benci, in zauna, in tafa mishi. In ya ce shi zai je gaban Malama, shi ya sani. Amma sai ya dube ni ya hwaɗa da bakinsa."

Koci ya dubi rana. Azahar ba ta yi ba. In suka tashi yanzu, za su tarar da yaran Nagode ba su fito atisayen la'asar ba, su kuma dawo da sauran haske. Ya laluba aljihu ya taɓa makulli, ya dubi Bappa yana neman izini.

Bappa ya koma kan igiyarsa.

Sambo ya riga ya kai wajen babur, ya dafa sirdi.

Sai ƙyauren zana ya buɗe. Taibatu ta fito har tsakar fili, lulluɓin ya zame mata zuwa kafaɗa, ba ta gyara ba. Tun da Koci ya san gidan bai taɓa ganin ta dubi mutum ido cikin ido ba.

"Sambo, sauke hannunka."

"Inna, magana kawai zan..."

"Mi za ka ce mishi? Ka ce kai wa?"

"In ce ni ƙanensa ne."

Ta girgiza kai.

"Bai sani ba," ta ce. "Shi ma bai sani ba. Har yau Hidaya yake kira Inna."